Kacici-kacici ko Ka-tuna-ka-tuna? Wasa Ƙwaƙwalwa Tsakanin Dandalin Kahu da Zauren Gasa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar gasar kacici-kacici irin wadda ake shiryawa tsakanin makarantu, ko ya saurari irinta a gidan rediyo, ya san yadda abin yake gudana. Alƙalin gasa zai ɗaga takarda ya karanto tambaya, a ba yaro ɗan lokaci kaɗan, in ya faɗi sunan da ke rubuce a takardar a tafa masa, in kuwa ya yi shiru a miƙa tambayar ga abokan karawarsa. Daga ƙarshe a ba wanda ya fi maki kyauta, a watse ana cewa wane ya fi kowa ƙwaƙwalwa. Abin tambaya a nan shi ne, shin ƙwaƙwalwar aka auna, ko kuwa rumbun ajiyarta kurum aka zazzage?

Ra'ayin da wannan maƙala za ta kare shi ne cewa gasar zamani ta ari sunan kacici-kacici, amma ta bar aikinsa a baya. Aikin kacici-kacici na asali shi ne koya wa yaro ya yi shakkar amsar da ta fara faɗo masa a rai, ya juya magana ya dubi bayanta. Za a ɗauki Kahu, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kibiya a ƙasar Rano, a matsayin madubi, domin a irin waɗannan garuruwa na manoma ne abubuwan da kacici-kacicin Hausa ke magana a kansu suke nan a gaban idon yaro, kuma yaran irin waɗannan garuruwa ne gasar zamani ta fi tauye wa haƙƙi.

Suna da Abin da ke Cikinsa

Kalmar kanta ta isa shaida. Wasu suna cewa kacici-kacici, wasu kuma ka-cinci-ka-cinci, watau umurni ne ake ba mai sauraro ya nemo abin da aka ɓoye, ya tsinto shi. Ba a cewa mutum ya tsinci abin da ke cikin aljihunsa. Tsintuwa sai an duba, an lalaba, an ɗaga wannan an ɗaga wancan. To, amma idan aka tambayi yaro sunan babban birnin wata ƙasa, ko shekarar da aka yi wani yaƙi, babu wani lalube da zai yi: ko ya taɓa ji ya riƙe, ko bai taɓa ji ba. In ya zauna shekara yana tunani, tunanin ba zai haifa masa sunan ba. Irin wannan wasa, da an yi masa adalci, da sunan da ya dace da shi shi ne ka-tuna-ka-tuna.

Wannan salo na gasa baƙo ne da ya shigo ta hanyar makarantar boko da rediyo, daga baya talabijin ta ƙara masa armashi. Shirin nan na Who Wants to Be a Millionaire, wanda aka fara a Ingila a 1998, ya iso Nijeriya a 2004, ya kuma ƙara cusa wa jama'a cewa mai basira shi ne mai tarin amsoshi a ka. Da Bahaushe ya nemi sunan da zai ba baƙon, sai ya ɗauki wanda ya fi kusa da hannu ya liƙa masa. Tun daga nan baƙo ya shige ɗaki, mai gida ya koma zaure.

Yadda Ake Yi a Dandali

Bisa al'ada, kacici-kacici abin dare ne, ɗan'uwan tatsuniya, galibi ma da shi ake share mata fage. Bayan an ci tuwon dare, musamman da kaka in an kawar da amfanin gona hankali ya kwanta, yara sukan taru gaban wata tsohuwa ko a dandali cikin farin wata. Sai wani ya jefo: "Ƙulunƙulufita." A amsa: "Gauta." Wannan buɗe taro ne kawai, kowa ya san amsarsa. Daga nan sai a shiga na gaske: "Baba na ɗaka, gemu na waje." "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." "Iya ta zaga, baba ya zaga, ba su haɗu ba." "Tsumagiyar kan hanya, fyaɗe yaro, fyaɗe babba."

Ya kamata a lura da abin da ke faruwa a zuciyar yaron da ya fara jin waɗannan. An ce masa shanu, sai hankalinsa ya tafi ruga. Can zai yi ta yawo bai samo komai ba, har sai ya gane cewa shanun riga ce aka sa wa wani abu, kuma abin riƙewa a maganar shi ne yawa da ɗauri guda. Da ya tuɓe rigar, sai ya ga tsintsiyar da ke jingine a bakin ƙofar uwarsa. Haka gemun baba yake komawa hayaƙin da ke fita ta jinka alhali wuta na cikin ɗaki, iya da baba su koma kunnuwa biyu, tsumagiya ta koma yunwa. Duk amsoshin nan babu wadda yaron bai sani ba. Abin da bai sani ba shi ne hanyar zuwa gare su, kuma gano hanyar shi ne darasin. Ɗaliban adabi za su ga cewa abin da ake koya musu a aji da sunan kamance da siffantawa da mutuntarwa, yaron dandali ya fara cin karo da shi tun bai kai shekarun shiga makaranta ba.

Akwai kuma hukuncin wanda ya kasa. Ba a korarsa daga wasa, ba a kuma rubuta masa sifiri. Mai tambaya zai ce, "Ba ni gari." In yaran Kahu ne, wataƙila a ce an ba shi Tarai, ya ce bai karɓa ba, a ce an ba shi Kibiya, ya yi ta ja, har a kai ga Rano ko Kano, sa'an nan ya karɓa, ya yi ɗan kurarin irin daɗin da zai sha a garin da aka ba shi, kana ya faɗi amsa. Ke nan wanda ya kasa ya biya tara ta raha, ya kuma tafi gida da amsa da dalilinta. Gobe shi ne zai ɗana wa ƙaninsa tarkon.

Tarko da Ratse

Baya ga gajerun kacici-kacici, akwai dogayen tambayoyi na wasa ƙwaƙwalwa waɗanda samari da manya suka fi yi. Mafi sauƙinsu shi ne na tsuntsaye goma a kan bishiya, maharbi ya harbo ɗaya, aka ce saura nawa? Mai gaggawa zai ce tara, domin ya ji lissafi. Wanda ya taɓa korar tsuntsu a gonar gero kuwa zai ce babu ko ɗaya, domin ƙarar bindiga ba ta barin tsuntsu zaune. A nan sanin duniya ne ya gyara wa lissafi zama.

Sai kuma na gardin da ya zo bakin kogi da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalen kuwa ba ya ɗaukar sai shi da abu guda. In ya bar kura da akuya, ta cinye ta, in ya bar akuya da harawa, ta cinye. Kowa yakan gane cewa akuya za a fara ƙetarwa. Inda ake cijewa shi ne mataki na gaba, domin duk abin da ya kai na biyu, barinsa da akuya hasara ce. Mafita ita ce ya kai kura, ya komo da akuya, ya ajiye ta ya ɗauki harawa, sa'an nan ya dawo ya ɗauki akuyar: tsallakawa bakwai ke nan. Abin da ke hana mutane gani shi ne sun ɗaura wa kansu dokar da ba a faɗa ba, watau wai abin da aka ƙetar ba a komowa da shi. Wannan tambaya ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. Tana cikin wani littafin Latin da ake jingina wa Alcuin, malamin fadar Sarki Shalaman, wanda ya rasu a 804, sai dai a can kyarkeci ne da akuya da kabeji. Marcia Ascher kuma ta yi nazarin ire-irenta a ƙasashen Afirka a 1990. Kowace al'umma ta sa dabbobinta da cimarta, amma ƙashin tambayar ɗaya ne.

A 1967 Edward de Bono, mutumin tsibirin Malta, ya raɗa wa wannan irin tunani suna na musamman, lokacin da ya fitar da littafi a kansa. Ma'anar sunan da ya ba shi a Hausa ita ce tunanin ratse, watau barin gwadaben da kowa ke bi a ɓullo wa matsala ta gefe. A 2005 kuma wani masani a Amurka, Shane Frederick, ya wallafa wani ɗan gwaji mai tambayoyi uku. Ɗaya daga ciki, in an sa mata kayan gida, ga yadda take: tulu da murfinsa naira 1,100, tulun ya fi murfin tsada da naira 1,000, nawa ne kuɗin murfi? Baki yakan yi saurin cewa 100, alhali amsar 50 ce, domin in murfi 100 ne, tulu zai zama 1,100, jimla kuwa 1,200. Daniel Kahneman ya ruwaito a littafinsa na 2011 cewa fiye da rabin ɗaliban da aka gwada a wasu manyan jami'o'in Amurka sun faɗa wannan rami. Ba rashin sani ne ya kayar da su ba, gaggawa ce. Abin da tsohuwar dandali ke magani ke nan tun tuni, ba tare da ta san sunan cutar ba.

Malaman zaure su ma ba a bar su a baya ba. Cikin Muƙamat na Hariri, wanda ya rasu a 1122 kuma har yanzu ake karanta littafinsa a zaurukan ƙasar Hausa, akwai muƙamar da aka jera tambayoyin fiƙihu ɗari masu harshen damo, kowace kalma da ma'anarta ta fili da ta ɓoye. Sananne ne kuma labarin raƙuma 17 da aka ce a raba wa mutum uku, rabi da sulusi da tusu'i, inda mai hikima ya ara musu raƙuminsa suka zama 18, ya ba da 9 da 6 da 2, ya janye nasa ya tafi. Fiye da duk wannan, Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba kuma ta yi kama da Musulmi. Hankalin mutane ya tafi itatuwan daji, Abdullahi ɗan Umar kuwa ya gane dabino ne, amma kunya ta hana shi faɗa saboda ƙuruciyarsa. Wannan ya isa nuna cewa tambaya mai sa tunani hanya ce ta koyarwa mai asali.

Tambayar Sani Ita Ma Tana Iya Zama Kacici-kacici

Kada a ɗauka ana cewa a daina tambayar tarihi da labarin ƙasa. Abin da ake nema shi ne a gyara yadda ake gina tambayar, kuma tarihin ƙasar Rano kansa ya isa misali. In aka ce wa yaro ya lissafa Hausa Bakwai, zai zubo su kamar karatun aku: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram. Amma a ce masa, bisa labarin Bayajidda 'ya'yan Bawo nawa ne suka kafa waɗannan ƙasashe? Baki zai ce bakwai. Labarin kuwa shida ya ce, domin Biram ɗan Bayajidda ne ta wajen 'yar Sarkin Barno, watau ɗan'uwan Bawo ne, ba ɗansa ba. Yaron ƙasar Rano, wanda ya tashi yana jin ana yi wa sarkinsu kirari da Autan Bawo, yana da igiyar da zai kama ya bi zuwa wannan amsa.

Ga wata kuma: cikin Hausa Bakwai, nawa ne ke cikin Jihar Kano? Wanda ya haddace amsar kafin 1991 zai ce uku, watau Kano da Rano da Biram ta Garun Gabas a ƙasar Haɗeja. Amma tun da aka cire Jihar Jigawa daga Kano a 1991, amsar ta koma biyu. Haka nan in aka ce wane ne gwamnan Kano na farko, mai tunani zai nemi a fayyace masa, domin Audu Bako ne ya fara riƙe jihar da aka ƙirƙira a 1967, Abubakar Rimi kuwa shi ne zaɓaɓɓe na farko a 1979. Darasin da ke nan babba ne: amsar da aka haddace tana tsufa, tana ma iya mutuwa a kan mai ita bai sani ba, amma wanda ya san dalilin amsa zai gyara ta da kansa in zamani ya juya.

Hujjar Masu Suka

Mai suka zai iya cewa kacici-kacicin gargajiya shi ma hadda ce, domin yaran gari sun san amsoshin tun kafin a rufe baki, kuma babu wani tunani da zai kai mutum daga ƙulunƙulufita zuwa gauta. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a ƙi ta ba. Lalle akwai rukunin da sauti ne kurum ya haɗa shi da amsarsa, kuma duk kacici-kacicin da aka ji sau biyu ya zama hadda. Sai dai akwai bambanci. Yaron da ya haddace cewa "ɗakin saurayi ba ƙofa" ƙwai ne, ya haddace har da dabarar da aka gina shi da ita, kuma da wannan dabara zai tunkari sabon da bai taɓa ji ba, har ma ya ƙaga nasa. Wanda ya haddace babban birnin wata ƙasa kuwa, wannan bai matsar da shi ko taki ɗaya zuwa ga sanin na maƙwabciyarta ba.

Wani kuma zai ce tunani ba ya yiwuwa a kan wofi, sai da sani. Wannan ma haka yake, kuma al'ummar da ta san darajar haddar Alƙur'ani ba za a koya mata girman hadda ba. Amma hadda tushe ce da ake ɗora gini a kanta. A zamanin da wayar hannu ke kawo sunan kowane birni da shekarar kowane yaƙi kafin ƙiftawar ido, ba hikima ba ne a ci gaba da ba da kyauta mafi girma ga abin da na'ura ta fi kowa iyawa, a bar abin da zai hana mutum ruɗuwa da ƙaryar da na'urar ke yaɗawa. Mutumin da ya saba tambayar kansa ko akwai tarko a cikin magana, shi ne ba ya saurin gaskata duk jita-jitar da aka turo masa a WhatsApp.

A nan ne kuma batun adalci ya shigo. In aka haɗa yaron Kahu da yaron birni wanda gidansu ke cike da littattafai da talabijin, aka yi musu tambayoyin ka-tuna-ka-tuna da Turanci a kan ƙasashen nesa, an san wanda zai ci tun ba a fara ba. Abin da aka auna shi ne abin da iyaye suka iya saye. Illar kuwa ita ce yaron ƙauye ya tashi da imanin cewa shi daƙiƙi ne, alhali da tambayar tsuntsaye ko ta gardi aka yi, da ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abin da ke Salwanta

Akwai wata hasara da ta shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Kacici-kacici yana rayuwa ne muddin abin da yake nufi yana nan a gaban mutane. "Shirim ba ci ba," amsarsa baba, watau shukar nan ta rini mai yabanya kore shar amma ba ta shiga tukunya. Labarin gargajiya ya kira Kano da Rano sarakunan baba saboda shaharar ƙasashen biyu da rini. To, amma tun da shunin kamfani, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1897, ya mamaye kasuwa, karofi da yawa suka mutu, yaro da dama a yau in aka ce masa baba, mahaifinsa kurum zai tuna. "Uku-uku gama gari" yana da ma'ana ga wanda ya ga duwatsun murhu, amma ga ɗan gidan da ake girki da risho ko gas, magana ce marar kai. Haka gemun baba zai ɓace ranar da rufin kwano ya gama cinye jinka.

Turawan farko irin su Merrick a 1905 da Tremearne a 1913 sun rubuta wasu kacici-kacici a littattafansu, malaman gida kuma sun ɗora a kai. Sai dai galibin abin da ke rubuce jeri ne na tambaya da amsa, kamar busasshen kifi a kan tsinke. Ba a faɗi wa ya yi tambayar ba, wa aka yi wa, waɗanne amsoshi aka fara bayarwa aka ƙi, wane gari aka bayar. Amsoshin kuskure kuwa su ne ke nuna hanyar da tunanin yaro ya bi.

Kammalawa

Saboda haka ana ba da shawarwari uku. Na farko, masu shirya gasa a makarantu da gidajen rediyo su ware kaso na tambayoyi masu sa tunani da harshen Hausa, su ba da isasshen lokaci, su kuma ba da maki ga bayanin dalili, ko da amsar ta saɓa wa ta takarda in dai hujjar ta tsaya. Duk tambayar da amsarta ke sauyawa kuma a ɗaura mata shekara.

Na biyu, malaman firamare su sa yara su ƙaga nasu kacici-kacicin a kan abubuwan zamaninsu, kamar babur da injin niƙa da wayar hannu da fitilar sola. Yaron da ya iya ɓoye abu cikin magana ya fi wanda ya iya tono shi kurum fahimtar harshe.

Na uku ya rataya ne a wuyan ɗaliban sashen Hausa. Kowane ɗalibi yana da garin da yake komawa hutu. Wanda ya fito daga Kahu ko Durba ko Fassi ko Rurum, ya zauna da tsofaffin gidansu da yaran unguwa, ya nemi izini ya ɗauki zaman gaba ɗayansa a waya, da dariyarsa da gardamarsa da garuruwan da aka bayar, ya kuma ɗauki hoton abin da kowace amsa ke nufi. Sashe kuma ya tanadi wurin ajiye waɗannan, ya karɓe su a matsayin aikin kundi. Tsohuwar da ta san kacici-kacici ɗari ba za ta jira a gama digiri na biyu ba, kuma in ta tafi, babu garin da za a bayar a sami amsar.